Babi na Shida: Dogon Hutu a Bakin Teku

A wajenmu tafiya sai da dalili. Ana zuwa biki, ana zuwa gaisuwar rasuwa, ana zuwa dubiya ko sarin kaya, mai hali kuma ya tafi Umra da azumi. In makarantu suka ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli, abin da aka saba shi ne a tattara yara a kai su gidan kakanni ko gidan gwaggo, su yi ta cin gasasshiyar masara har a koma aji. Amma magidanci ya ce zai kwashi iyalinsa, har da wanda bai daɗe da barin goyo ba, ya nufi garin da ba shi da kowa a cikinsa don kawai yara su ga teku, to ya shirya amsa tambayoyi. Hajiyarmu ba ta ɓoye nata ra'ayin ba. "Ruwa ne ba ku taɓa gani ba? Ga Tiga nan kusa." Wani abokina kuwa lissafi ya zauna ya yi mini na buhunan shinkafar da kuɗin za su saya.

Ban ga laifinsu ba. Tsakanin Kano da Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma da yawa daga cikinmu ana haifar mutum ya tsufa bai ga teku ba, in ba ta tagar jirgin alhazai ba lokacin da ake ƙetare Bahar Maliya. Ni dai ra'ayina, wanda Allah ya hore wa ya kai 'ya'yansa ko sau ɗaya tun suna ƙanana, amma ya sa a ransa tun daga gida cewa tafiyar tasu ce. Uban da ya fita da niyyar ya miƙe ƙafa ya huta, ko ya zaga duk wuraren tarihi yana ɗaukar hoto, da ɓacin rai zai dawo, yaran ma haka.

Legas ta fi kusa, ba musu. Sai dai Bar Beach ɗin da iyayenmu suke ba da labari an cike ta da yashi an ɗora Eko Atlantic a kai, sauran wuraren kuma sai ka sha cunkoso kafin ka isa, ka biya kuɗin shiga, ka tarar kiɗa na neman fasa maka kunne. Shi ya sa muka zaɓi Cape Coast ta ƙasar Gana, garin Fante da 'yan ƙasa suke kira Oguaa, kimanin kilomita 150 yamma da Akra. Nan ce hedikwatar Turawan Ingila a wannan gaɓa har 1877, lokacin da aka mayar da mulki Akra. Tun daga nan garin ya zama na masunta da 'yan makaranta: ga Mfantsipim da aka kafa a 1876, inda Kofi Annan ya yi karatu, ga Adisadel, ga Wesley Girls, ga jami'ar da aka buɗe a 1962. Gari ne da ba ya gaggawa, abin da mai ƙananan yara yake nema ke nan.

Yanayi ma ya taimaka. Agusta a arewa tsakiyar damina ce, marka ba dare ba rana. A gaɓar Gana kuwa babban ruwa tsakanin Afrilu da farkon Yuli yake sauka, sai sama ta ɗan ɗauke kafin ƙaramar damina ta Satumba da Oktoba. Agusta ne watan da ya fi sanyi a can. Gajimare ya rufe rana, iska tana kaɗawa, yaro zai wuni a waje bai galabaita ba. A daidai wannan lokaci ne ruwa mai sanyi na ƙasan teku yake tasowa sama tare da abincin kifi, sai ƙananan kifaye irin su sadin su yi yawa, masunta su shiga kakarsu. A saka wa kowane yaro rigar sanyi a jaka, za a neme ta da asuba da kuma bayan magariba.

Batun hanya ba shi da tsawo. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza. Daga Legas zuwa Akra a mota bai kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku za a ƙetare, ta Seme, ta tsakanin Benin da Togo, sai ta Aflao, kuma a kowace sai an sauko, an tashi wanda ya yi barci, an bi layi. Jirgi kuwa kamar awa guda ne. In aljihu zai ɗauka, a hau jirgi. Daga Akra sauran tafiyar awa uku ce in cunkoson Kasoa bai riƙe ku ba, don haka a yi sammako. Agogon Gana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, amma cikin yaro bai san da wannan ba. Ƙarfe biyar na asubar can za su fara neman shayi.

Kafin a ga teku ana jin sa. Wani irin rugugi ne mai zuwa ya koma, ba ya yankewa, sai kuma ƙarnin kifi da gishiri a iska. Da muka ɓullo ta tsakanin bishiyoyin kwakwa, babbar 'yarmu, mai shekara bakwai, tsayawa ta yi cak. Ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "Abba, ina tsallaken?" Duk ruwan da ta sani yana da tsallake, ko kogi ne ko dam. Na ce mata in mutum ya miƙe kudu sak daga inda muke tsaye, ba zai taka ƙasa ba sai Antatika, ƙasar ƙanƙara. Ba ta yarda ba, kuma ban matsa mata ba. Ƙanenta bai tsaya tambaya ba. Da gudu ya je ya kamfato ruwan ya kai baki, ya tofar, ya juyo yana hararata kamar ni na zuba gishirin. Auta kuwa, ɗan shekara biyu, ƙafarsa ya naɗe a ƙugun uwarsa ya ƙi yarda ta taɓa yashi. Ba wanda ya tilasta masa. Can wata rana muka waiga muka gan shi a tsugune shi kaɗai yana leƙa ramin ƙaguwa, irin fararen nan masu gudu a karkace, yana kiranta ta fito.

Akwai wani abu da teku yake yi wa baƙo wanda ba a iya ba da labarinsa sai an tsaya a ciki. Igiya ta zo ta rufe maka idon sawu, sannan ta juya. Tana komawa sai ka ji yashin da ke ƙarƙashin diddigenka yana zarewa, ka ga kamar kai ne kake tafiya baya alhali ba ka motsa ba. Babba ma sai ya yi tangaɗi. Yaro kuwa zama yake yi daɓas, ya tashi yana dariya, ya ce a sake.

To a nan ya kamata in daɗe, don a nan rai yake. Tekun wannan yanki, tun daga Kwaddibuwa har Legas, ba na wasa ba ne. Igiyar tana tasowa daga can tsakiyar Atilantika ba abin da ya tare ta, ta zo ta fashe a gaɓa mai gangare. Ruwan da ta watso dole ya koma, kuma ba bai ɗaya yake komawa ba. Yakan sami wani kwari a yashin ƙasa ya bi ta nan da gudu ya nufi ciki. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya. Hagu da dama kumfa na tashi, tsakiya kuwa ruwa ya kwanta luf ya ɗan yi duhu, sai uba ya ce, "Ku zo nan, nan ba igiya." Alhali nan ne bakin hanyar. Wanda ruwan ya ja, in ya ce zai yi iyo ya dawo ta inda ya shiga, gajiya ce za ta gama da shi. Dabarar ita ce ya bi gefe, ya yi iyo a jere da gaɓa har ya fita daga jan ruwan, sannan ya juyo. Gwanin kududdufi bai san wannan ba, kuma yarda da kai ce take kai shi ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci mutum kusan 300,000 a 2021, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Yaro in yana nitsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu, bakinsa numfashi yake nema. Sau da yawa manya suna kusa, kowa yana zaton ɗayan ne yake kallo. Don haka muka yi doka tsakanina da uwargida, tsaron yara da baki ake miƙa shi. "Baban yara, idonka a kansu, zan canza wa auta." Sai na amsa sannan ta juya. Mai tsaro ba ya riƙe waya. Ruwa ba ya wuce gwiwar yaro, kuma hannunsa yana cikin na babba. Mata su lura da dogon hijabi da zane, in suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Kafin a shimfiɗa tabarma a tambayi masunta ko masu masauki inda ake shiga da inda ba a shiga, sun san kowane lungu. A kuma tuna teku yana cikowa ya janye sau biyu a yini da kwana, kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Inda ka ajiye takalma da hantsi a busasshen yashi, da azahar ruwa ne a wurin.

Gaɓar da ke cikin gari wurin aiki ce, ta masunta, kuma gaskiya ba ta da tsabtar da za a saki yaro ya yi birgima, ga leda ga robobi. Wurin wasa sai an ɗan fita, ko yamma da garin Elmina mai maƙwabtaka, wajen Brenu, ko gabas wajen Anomabo. A je da safe a ranakun aiki. Yammacin Lahadi na matasa ne da kiɗa da kwalabe, mai iyali ba zai sake ba.

Amma gaɓar masuntan ita ce abin kallon da yaran suka fi so, kuma ba a biyan ko sisi. Kwalekwalensu manya ne, gindin kowane daga itacen wawa guda aka sassaƙo shi, aka ƙara katako a gefe, aka sha shi da fenti, tutoci na kaɗawa, wani an rubuta masa addu'a, wani sunan ƙungiyar ƙwallo. A ƙauyukan gefen gari ana jan koma daga tudu. Kwalekwale ya shiga ya zagaya da ita, ya dawo da bakin igiya, sai maza su yi layi biyu su kama ja, suna waƙa suna jingina baya a tare, na ƙarshen layi yana naɗe igiyar. Aikin awoyi ne. Gayya ce sak irin ta noma: duk wanda ya zo wucewa ya sa hannu, in koma ta fito yana da ɗan rabonsa. Ɗanmu ya je ya kama wutsiyar igiyar yana nishi yana ja, mutanen suna yi masa dariya suna zuga shi. Da koma ta iso tudu, kifi na ta tsalle, mata suka matso da manyan kwanonin silba ana ciniki da ƙarfi, sai wani dattijo ya zaro ɗan kifi da bai fi tsawon yatsa ba ya danƙa masa. Wuni ya yi da shi a hannu. Da daddare sai da aka jira ya yi barci aka zare.

Ranar Talata ba a fita su, al'ada ce tsohuwa a Cape Coast da Elmina. Ranar ce ake baje koma a ɗinke inda ta yage. Wanda yake son ganin jiragen a cike ya tsaya kan gadar da ke bakin tafkin Benya a Elmina da sassafe a wata rana daban, lokacin da waɗanda suka kwana a ruwa suke shigowa.

Salla ba ta ba mu wahala ba. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa ruwan teku yana alwala, a nan na fara aiki da karatun. Alƙibla kuma da sauƙin ganewa, don gaɓar ta miƙe ne gabas maso arewa, kusan daidai da inda Makka take. Ka sa teku a damanka ka kalli wajen Akra, ba ka yi nisa da daidai ba.

Abinci ne inda iyaye suke shan fama. Dokunun Fante, wanda ake naɗewa a ganyen ayaba, yana da tsami, yaranmu suka ɗanɗana suka ture. Shito, baƙin yajin nan da ake soyawa da busasshen kifi, ya fi ƙarfin bakin yaro. A wasu gidajen abincin kuma ana dafa alade, sai an tambaya. Mafita tana zango. Kusan kowane babban gari a Gana yana da zangonsa, inda Hausawa da Mosawa da Dagomba da Zabarmawa da Wangarawa da Fulani suke zaune tare, kuma da Hausa ake ciniki. A nan za ka sami koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da hantsi, tuwo da miyar kuka, tsire da yamma, ga masallacin Juma'a. Wata dattijuwa mai koko da ta ji daga Kano muke sai ta ajiye ludayi. "Alhaji, sannunku da hanya. Yaya mutanen gida?" Kakanta daga can ya zo, in ji ta, ita ba ta taɓa zuwa ba. Ta ƙara wa yaran ƙosai, na miƙa kuɗi ta ce, "Haba Alhaji, jikokina ne." Zaman Hausawa a wannan gaɓa ya daɗe. Wasu fataucin goro ya kawo kakanninsu, wasu kuma jikokin dakarun da Turawan Ingila suka kwaso daga Legas ne a shekarun 1870 don yaƙi da Asante, wasu suka gangaro bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar.

Sai batun da ba a iya kauce masa. Duk inda ka tsaya a bakin ruwan garin nan kana hango wani farin gini mai kauri a kan dutse, igogi sun leƙo ta saman katangarsa. 'Yan Suwidin ne suka fara kafa sansani a wurin a 1653, Ingila ta karɓe a tsakiyar shekarun 1660. Na Elmina ya girme shi nesa ba kusa ba: Fotugal ta gina shi a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Zinariya aka fara nema, daga baya mutane suka zama hajar. UNESCO ta saka gine-ginen cikin kayan tarihin duniya a 1979. A ƙarƙashinsu akwai ɗakunan da ake tsare bayi makonni, wani lokaci watanni, ana jiran jirgi. Ɗan jagora zai shigar da ku, ya nuna muku 'yar tagar da ke can sama, ya gaya muku cewa daɓen da kuke takawa ba dutse ba ne zalla, abin da ya fita daga jikin mutanen ne ya taru ya daskare. Wani lokaci yakan kashe fitila na ɗan lokaci. A Cape Coast, ɗakin ibadar Turawan a saman kurkukun maza yake. Daga nan sai ƙofar da ake fitar da su zuwa ruwa.

A shiga da yara? Barack Obama ya shiga da nasa a 2009, amma babbar tana da shekara 11, ƙaramar 8. Ni a ganina ɗan shekara huɗu ko biyar ba abin da zai ɗauka a ɗakin nan sai tsoron duhu, kuma kukansa zai hana sauran baƙi abin da ya kawo su, alhali wasu daga Amurka da Jamaika suka taso suna neman inda aka fitar da kakanninsu, za ka gan su suna hawaye. Mu karɓa-karɓa muka yi. Ɗaya ya shiga ƙasa da ɗan jagora, ɗaya ya zauna da yara a sama wajen igogi, suna ƙirga jiragen masunta.

Duk da haka babbar ta ji abin da ake faɗa, kuma a mota ta yi tambayar da na san za ta zo. "Abba, su wa suka kawo musu mutanen?" Amsar da ta fi sauƙi ita ce a ce Turawa, a rufe zancen. Amma Turawan nan yawanci a bakin ruwa suke zaune, kawo musu ake yi. Da yawa daga cikin waɗanda aka tsare a ɗakunan daga can cikin ƙasa aka koro su, wasu daga arewa, ta hanyoyin da ayarin fatake suke bi, kuma a Assin Manso, kan hanyar Kumasi, har yau ana nuna rafin da ake yi musu wankan ƙarshe. Mu da muke alfahari da fataucin Gwanja mun san ba goro kaɗai ake ciniki a Salaga ba. An sayar da Hausawa ma, akasari ta tashoshin Legas da Wida, har suka tayar da bore a Bahiya ta Barazil a 1807. Mun saya, mun sayar, an kuma sayar da mu. Ban ba ta duk wannan ba. Na ce mata Turawa ne suka saya, baƙaƙe irinmu suka sayar, kuma duka biyun sun yi zalunci. Ta yi shiru, can ta tambaya ko za a koma wajen ƙaguwa kafin magariba. Aka koma.

Gandun dajin Kakum yana kimanin kilomita 30 arewa da gari, kuma kowa zai ce maka kada ka tafi ba ka hau gadar sama ba. Gadoji bakwai ne na igiya da katako da aka ɗaure a kan dogayen bishiyoyi, an buɗe su a 1995, tsawonsu gaba ɗaya kimanin mita 350, wani wurin nisansa da ƙasa ya kai mita 40. Kafin a isa sai an hau tudu, gadar kuma tana lilo, faɗinta na mutum ɗaya ne. Abin sha'awa ne ga ɗan shekara goma. Mai goyo da mai ɗan shekara uku su bar shi sai wani zuwan, gadar ba inda za ta je.

Wanda yake son biki, Elmina tana yin Bakatue a Talatar farko ta Yuli, Cape Coast kuma tana yin Fetu Afahye a Asabar ta farko ta Satumba, sarakuna a kan karagar alfarma da ake ɗauka a kafaɗa, ƙungiyoyin asafo bakwai na garin, wato dakarun gargajiya, da tutocinsu. Gari yana cika, masauki yana wuya, kuma lokacin makarantunmu sun kusa komawa. Ga mai ƙananan yara tsakiyar Agusta ta fi. A nemi masauki mai gidan sauro da wurin ɗan dafa abinci, a riƙe ruwan gishiri da sukari na gudawa da maganin zazzaɓi, kada a tsara fita fiye da ɗaya a rana. Sannan a duba katin rigakafin shawara na kowa da kowa, har yaron da ya kai wata tara. Ana tambayarsa a filin jirgin Akra da kuma iyakar Aflao, kuma ba ya fara aiki sai allurar ta kwana goma.